An Yi wa Tabkin Illa Shinge

Bazarar bana ta cika shekara takwas da rasuwar Illiyasu, wanda rabin Tawa ta sani da Illa. Taubashina ne, ɗan gwaggota, kuma a gidanmu ya tashi. Sanƙarau ne ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, bai daɗe da haura talatin ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadakar gumba, in yi addu'ata, in kama bakina. Bana kama bakin ya gagare ni, shi ya sa na roƙi wannan fili. Wanda ya zo jin yabon mamaci zai ji kaɗan, amma gara in faɗa tun da wuri: takaici ne ya zaunar da ni rubutun nan, ba kewa kaɗai ba.

Yana ɗan shekara goma sha uku aka kawo mana shi daga ƙauyensu, can arewacin Adar inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, don ya shiga kwaleji. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, ko na gundumarsu. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu. Babana, wato kawunsa, tela ne a kasuwa. Na girme shi da shekara uku, kuma ban taɓa raga masa ba: Baƙauye nake ce masa, shi kuma tun kafin in zama malamar lakwal, wato makaranta, ya laƙaba mini Madam, wai na cika gyara wa mutane magana. Ba haziƙin aji ba ne. Sau biyu yana zama jarrabawar bak ta gama sakandare bai samu ba. Ya bi sahun 'yan'uwansa Adarawa ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan, ya yi tallan agogo da tabarau a bakin titi har ya haɗa na babur, ya dawo gida ya shiga kabu-kabu. Na faɗi wannan ne saboda masu ba da labarinsa yau kamar da lasifika a hannu aka haife shi. Illa ɗan kabu-kabu ne mai yawan tambaya, kuma da tambayar kawai ya fi sauran.

Abin ya fara ne a wani lokacin kamfe. Wata jam'iyya ta aika da manyan motoci ƙauyuka, aka kwaso samari zuwa taro a nan Tawa. Aka ba kowa riga mai hoton ɗan takara, aka tsayar da su a rana tun hantsi, suna tafi duk lokacin da aka ɗaga musu hannu. Da manya suka gama jawabi suka shige motocinsu, aka nemi motocin da za su mayar da samarin aka rasa. Da la'asar Illa ya tarar da 'yan ƙauyensu a bakin tasha, leɓe ya bushe, ba su san kowa a gari ba. Ya kwaso su zuwa gidanmu, Inna ta dama musu fura. Ina tsakar gida na ji yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ke da katin zaɓe. Mafi yawansu ba su da shi. Ko takardar haihuwar da ake yin katin da ita ba su da ita.

"To tafin ga da kunka yi, na mi ne?" ya ce musu. "Ko akuya anka kai kasuwa, in ba ta saidu ba mai ita na maida ta gida."

Ranar na ga fuskar da ban san yana da ita ba.

Daga nan ya fara bin fadodin samari, inda ake zaman shayi daga safe har magariba. Ba wa'azi yake yi ba. Zai aje babur, ya karɓi kofinsa, ya jira a fara ƙorafi a kan famfon da ya lalace ko hanyar da ruwa ya cinye, sannan ya tambaya: wa ke da alhakin gyarawa, wa ya zaɓe shi, ka taɓa zuwa ka tambaye shi? Ranakun kasuwa yana Takanamat, yana Kalfu, har Tebaram yakan kai. Ya lura cewa ana yin rajistar zaɓe ne galibi lokacin da samarin Adar suka watse bida, don haka da an ɗaure damin ƙarshe yake shiga ƙauyuka yana roƙon kowa ya jinkirta tafiya har alƙalan da ke zagayen ba da takardun haihuwa su iso. Wasu suka saurara, wasu suka ce ciki ba ya jiran alƙali. Bai taɓa ce wa kowa ga wanda za ka zaɓa ba, kuma wannan ya jawo masa zargi ta ko'ina, domin kowace jam'iyya ta ɗauka ɗan aiken ɗayar ne.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Sahabi, abokin karatunsa tun lise, wato babbar sakandare, mai zaƙin baki, wanda faransanci ke zuba a bakinsa kamar ruwa. Mukan ce Illa ne ƙafa, Sahabi ne harshe. Akwai Zali, 'yar maƙwabtansu a ƙauye, wadda ta bar lakwal tun firamare tana sayar da cuku, ita ce ta buɗe masa ƙofofin 'yan mata da amare. Akwai kuma Agali, Buzu makiyayi, wanda ya riƙa kai shi rugage yana fassara masa.

Babana bai so abin ba. Wata rana yana kan keken ɗinki ya ce masa, "Illa, masu wasan ga suna da uwa gindin murhu. Kai hwa?"

Illa ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, ai murhun da itacenmu anka hura shi."

Baba ya ci gaba da ɗinkinsa. Bai sa masa albarka a kan abin ba, bai kuma sake hana shi ba.

Sai maganar tabki ta taso. A gefen ƙauyensu akwai wani tabki da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani. Nan bisashen gari ke sha, nan Buzaye da Fulani ke saukowa da garkunansu, nan mata ke ɗibar laka da ruwan wanki, tun kaka da kakanni ba wanda ya ce nasa ne. Labari ya ɓulla cewa wani Alhaji ɗan kasuwa daga birni yana neman filin da ke kewaye da shi ya yi garkar albasa, kuma za a kai maganar gaban majalisar gunduma a sa mata hannu. Illa ya zo mini rai a ɓace yana cewa an gama da su. Ni ce na faɗa masa cewa a doka zaman majalisar a buɗe yake, duk ɗan ƙasa na iya shiga ya saurara. Darasi ne da nake koyarwa duk shekara, yara su haddace su rubuta a jarrabawa. Ban taɓa tunanin wani zai tashi ya gwada shi ba.

"Madam," ya ce, "ashe kina da amfani."

Ranar zaman a bayan baburinsa na je, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Samari suka yi ta isowa, wasu a babur, wasu a amalanke, wasu a kan raƙuma, Hausawa da Buzaye da Fulani, har da 'yan matan da Zali ta tattaro. Illa ya kafa musu doka tun a hanya: ba sanda, ba takobi, ba ihu, ba rigar jam'iyya. Mai gadi ya tare ƙofa, Sahabi ya matsa ya yi masa bayani cikin ladabi, magana ta kai ciki, magajin gari ya ce a bar su. Ɗakin ya cika, sauran suka yi cirko-cirko a tagogi. Ba wanda ya yi tari. Aka yi ta karanta batutuwa da faransanci har aka iso kan tabki. A nan ne kansilolin da aka shirya za su ɗaga hannu suka waiga, kowa ya ga ɗansa ko ɗan ƙanensa a taga yana kallonsa.

Magajin garin, dattijo ne mai wayo, ya ce to, mutum ɗaya ya faɗi abin da ya kawo su. Kowa ya dubi Illa. Shi kuwa sai ya juya ya yi wa Zali alama. Ta fito tana gyara mayafi, muryarta na rawa, ta ce, "Ranka shi daɗe, tambaya guda gare mu. In anka kewaye tabkin, ina za mu shayar da bisashe?"

Aka ce an ɗage maganar sai an ƙara bincike, daga nan kuma ba a sake jin ta ba. A waje Agali ya riƙe hannun Illa da hannu biyu yana ta maimaita "tanemmirt", wato na gode da yarensu. A hanyar komawa na tambayi Illa me ya hana shi yin magana da kansa, bayan shi ya tara mutanen. Ya ce in shi ya yi, gobe za a ce rigimar Illa ce. In Zali ta yi, kowace mai tallan cuku za ta san ita ma tana iyawa.

Bayan wannan ranar sunansa ya zagaye Adar. Jam'iyyu suka yi ta aiko masa, wannan da alkawarin aiki, wancan da sabon babur. Ya ƙi, ba don ya raina siyasa ba, sai don ba ya son a shigar da shi shi kaɗai a bar sauran a waje suna tafi. Burinsa shi ne idan zaɓen gundumomi ya zo, samari da 'yan mata su tsaya takara da yawa, a kowace jam'iyya, a wurin da za su iya ci. Zaɓen kuwa aka yi ta ɗage shi. Yana cikin wannan jiran ciwon kai ya kama shi a wata kasuwar ƙauye, wuyansa ya sanƙare, kafin a iso da shi asibitin Tawa ya daina gane mutane. Ranar jana'izarsa 'yan kabu-kabu sun aje aiki, makiyaya sun sauko daga arewa, an yi ta rantsuwa a ƙofar gidanmu cewa aikinsa ba zai mutu ba. Na gaskata su, domin hawayen da na gani ba na ƙarya ba ne.

Da zaɓen ya zo a ƙarshe, Sahabi ya tsaya a gundumarsu Illa, inda shi ma yake da dangin uwa. Da sunan Illa ya yi kamfe, kuma dukkanmu mun taya shi. Ni kaina na shiga gida-gida. Ya ci, har aka ba shi mataimakin magajin gari. Muka yi guɗa, muka ce yau ɗanmu ya shiga ɗaki. Ba a yi damina uku ba gwaggota ta aiko mini cewa an kawo ƙarafa da waya bakin tabki. Wancan Alhajin dai, wancan filin dai. Majalisa ta zauna ta amince, kuma hannun Sahabi na cikin hannuwan da aka ɗaga. Da ɗan gari akan ci gari.

Na je na gani bara. Albasa ta yi kore shar a cikin shinge, injin ban ruwa na ta ruri. An bar wata 'yar kafa ta gefe wai mashaya, wadda kafin tsakiyar rani ta zama taɓo. Makiyaya sun canza hanya, sabuwar hanyar kuma ta ratsa gonaki, don haka duk kaka sai an yi faɗa tsakanin mutanen da suka taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa a taga ɗaya. Agali ya sayar da abin da ya rage masa na raƙuma, an ce yana gadin wani kanti a Yamai. Wanda bai san wurin a da ba, zai ce ci gaba ne ya zo.

Yau ma babu majalisar da za a je a tsaya a tagarta. An rushe majalisun gundumomi duka, an naɗa masu riƙo. Ba zan shiga gardamar dacewar hakan ko rashinta ba, kowa da ra'ayinsa, kuma ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da labarin ya fito na ratsa fadodin unguwarmu, ban ga wanda ya aje kofin shayinsa ba. Da na tambayi wani tsohon ɗalibina, sai ya ce, "Madam, da suna nan mi sunka yi muna?" Yana da gaskiyarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗanda muka zaɓa su suka tsaga bangon amanar.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce in ya leƙo fadodin yau. Ba zai ce samari sun daina zancen ƙasa ba, ai zancen ya ma ƙaru. Kowa da waya a hannu, kowa ya san abin da manyan ƙasashen duniya ke ƙullawa, ana musu har jijiyar wuya ta tashi. Amma lambatun da ya toshe a gabansu, wanda duk damina yake tura ruwa cikin gidajen iyayensu, ba wanda ya san ofishin da ke da alhakinsa. In aka kira gangami sukan cika fili, su yi kirari, su watse, kuma a ganinsu sun sauke nauyi. Ba na raina kishinsu, kishin gaske ne. Amma Illa zai tambaye su tambayarsa ta kullum, bayan tafi sai me, kuma ina jin tsoron za su ce masa ɗan aiken wani ne, su tura hotonsa a waya da zagi a ƙasa. Hanyoyin arewa da yake bi shi kaɗai da babur, yau ba kowa ke iya bin su ba saboda rashin tsaro. Samarin da ya roƙa su jinkirta bida, ƙannensu ba sa ma jiran girbi. Wasu na Libiya, wasu na Aljeriya, wasu na ramukan zinariya.

Kuma kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Illa yana da nasa laifin. Ya ɗauka kowa irinsa ne, kuma komai a kansa yake riƙe: shi ya san wa za a kira a wane ƙauye, shi ya san ranar da za a zauna, shi ke da babur. Sau nawa na ce masa ya raba aikin, ya kafa abin da zai tsaya ko ba ya nan, yana ce mini akwai lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya fi kowa faɗin haka, amma jinkar tasa shi ya tallabe ta da kansa. Da ya faɗi ta faɗi.

Abin da ya tunzura ni rubutu ya faru ne makon jiya. Sahabi, wanda yanzu ba shi da kujera amma bai rasa buri ba, ya shirya wasan ƙwallo don tunawa da Illa, ya aiko a gayyace ni a matsayin dangi. Na je. An buga riguna da hoton taubashina a ƙirji, an raba wa yaran da ba su taɓa jin muryarsa ba. Aka kafa rumfa, manya a inuwa, samari a rana. Sahabi ya karɓi lasifika ya ce Illa fitila ne, Illa gwarzo ne, matasa su ne manyan gobe. Aka yi tafi. Ba a ambaci katin zaɓe ba, ba a ambaci majalisa ba, balle tabki.

Da aka tashi ya zo gaishe ni, ya rusuna kamar yadda ya saba. Na ce masa, "Sahabi, kai da ka buɗe mana ƙofar nan da bakinka, yaya aka yi hannunka ya tashi?"

Na zaci zai yi fushi ko ya kawo dogon faransanci. Sai ya cire hula ya share zufa, ya ce, "Yaya Rakiya, Alhaji ya yi alkawalin azuzuwa da aikin samari, kuma duk manyan parti sun gama magana. Amma ba shi ne ba. Ranar da anka kawo maganar na waiga baya. Tagogin nan duka buɗe suke. Ba kowa. Ko mutum guda. Ni kaɗai kuke so in tsaya?"

Na ce, "Ka aika a kira mu?"

Ya ce, "Wa ya aika daga majalisa ya kira ku wancan karon?"

Ban wanke shi ba, kuma ba zan wanke shi ba. Wanda aka ba amana ko shi kaɗai ne a ɗaki ya kamata ya bar hannunsa a cinya, a ƙalla a rubuta cewa mutum ɗaya ya ƙi. Azuzuwan ma har yau ba a ga tubalinsu ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun zaɓi ɗan'uwanmu, muka yi guɗa, muka koma gida muka kwanta, kamar zaɓe shi ne ƙarshen aiki. Wannan shi ne ainihin abin da Illa ya shekara da shekaru yana yaƙa, kuma mu da muka yi rantsuwa a kan gawarsa mu muka fara mantawa.

To me ya saura na Illa? Na auna, ban sami mai yawa ba. Takardun haihuwar da ya sha rana a kansu suna nan a aljihun mutane da dama. Da su 'ya'yan wasu suka zauna jarrabawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da yawansu takardar da ya nema musu don su zaɓi shugaba ita ta zame musu ta ƙetare iyaka. Fadodin da ya zauna sun sauya mazauna. Baburin ma an sayar tun shekarar farko. Da a nan lissafin ya tsaya, da na ce iska ta kwashe.

Sai dai shekaranjiya Zali ta sallama mini, da kwandon cukunta a ka da goyo a baya. Yanzu uwar 'ya'ya huɗu ce, muryarta kuma ta daina rawa. Ba ta je wasan ƙwallon ba, ta ce tana da abin yi. Ashe tun bara ita da wasu mata na ƙauyen, da wasu dattawan makiyaya biyu, suka kai ƙara ofishin da ke kula da filaye, suna neman a buɗe wa bisashe hanyar ruwa ta gaskiya, a matsar da shingen daga bakin tabki. Ba lauya gare su ba, ba ɗan siyasa. Duk zuwa sai a ce mai sa hannu ya yi tafiya, ko a ce su dawo. Su kuma sai su dawo. Ta ce har ma'aikatan sun san ta, da sun hango ta sai su fara gyara zama.

Na tambaye ta ko tana ganin za su samu. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ba ta sani ba, amma dai ba za a ce ba a tambaya ba. Na tambaye ta samari nawa ke raka su. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Malama, samari na bisa waya."

Mace ɗaya mai tallan cuku, da ƙawayenta, da tsofaffi biyu. Cikin ɗaruruwan da suka yi kuka a ƙofar gidanmu, abin da ya rage ke nan. Ban sani ba ko ya isa a kira shi gado. Ni dai bai ishe ni ba, kuma ba zan yi kamar ya ishe ni don a ce na rufe magana da daɗi ba. Allah ya jiƙan Illa, ya yafe masa gaggawarsa da jinkirinsa, mu kuma ya ba mu kunyar da za ta tashe mu.

Da Zali ta ɗauki kwandonta za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Talata za mu koma. In kina zuwa ki taho da kujerarki, bencinsu ya karye."

Na nemi izini a lakwal. Duk wanda ya karɓi rigar nan mai hoton taubashina, ya san inda zai same mu.